Igiyar Shanya a Ɗakin Yara

Tun yana ɗan saurayi ake kiransa Mai Guga, sunan ya bi shi har ya danne na yanka. A shagon kawunsa ya koyi sana'ar, wani dattijo mai faɗan tsiya wanda in ya ga ɗigon dauɗa a wuyan riga ɗaya sai ya mayar da kayan gidan gaba ɗaya cikin ruwa. Abu biyu ya gada a wurin kawun nan, ya kuma riƙe su gam. Na farko, ba a haɗa kayan gida biyu a ruwa ɗaya, ko da masu kayan uwa ɗaya uba ɗaya suke. Na biyu, sabulu rabin aiki yake yi, rana ce take ƙarasa wanki.

Ga shi kuma Allah ya yi shi da ƙyanƙyami na fitar hankali. Ba ya shan ruwa a kofin da wani ya kai baki. In ya gaisa da mai gumin hannu, za ka ga yana riƙe da hannun nan nesa da jikinsa har sai ya sami ruwa. Abokansa sukan yi masa tsiya, su ce ina aka taɓa ganin mai cin abinci da dauɗar mutane yana ƙyamar mutane? Sai ya ce, "Ai don na san abin da ke jikinku ne. Ku riga kuke gani, ni kuwa hammatarta nake gani."

Shagonsa ya yi suna a unguwar saboda karin guga, amma ba da shagon yake alfahari ba, da 'ya'yansa yake. Su biyu ne: mace babba wadda kowa ke kira Yaya, da ƙaninta Auta wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Ko tsumman goge wa Auta baki sai ya sha rana ya sha guga kafin ya taɓa yaron. Uwarsu ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyata, kowa Sista yake ce mata, har shi mijin.

Ita ce ta sami aiki a wani babban asibiti a ƙasar waje. Dangi suka yi ta ƙananan maganganu, wai namiji zai bi mace, ya zauna raino ita tana fita. Wannan bai dame shi ba ko kaɗan. Ya ce duk inda mutum yake sa tufafi ai mai wanki ba baƙo ba ne. Ya bar wa ƙaninsa shagon. Da ya ɗauko dutsen gugarsa na gawayi zai tura a akwati, Sista ta ce ya taimake ta ya ajiye, babu mai sayar masa da gawayi a can. Ya haƙura da dutsen, amma igiyar shanyarsa sai da ya naɗe ta ya cusa a ƙasan kayan yara.

Gidan da asibitin ya ba su can saman wani dogon bene yake, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda wadda mutum biyu ba sa gilmawa a cikinta. Da ya leƙa ta taga ya ga sararin sama, launinsa irin na ruwan ɗauraya, ya ɗauka hadari ne zai wuce. Bai wuce ba.

Washegari mai kula da benen, wani dogo mai tarin makullai a ƙugu, ya sauka da su ƙarƙashin ginin ya nuna musu wurin wanki. Ɗaki ne babu taga, injina a jere, na wanki a gefe guda, na busarwa a gefe guda. Yana bayani, Sista tana fassarawa, don Mai Guga ba ya jin ko "zo in kashe ka" a harshensu. Wata tsohuwa tana durƙushe gaban inji ɗaya tana zaro bargo, kusa da ita ga wani farin kare mai gashi buzu-buzu, harshe a waje yana zubar da yawu.

"Tambaye ta, bargon waye wannan?" in ji Mai Guga.

"Ina ruwanka da bargon mutane, Baban Yaya?"

"Ke dai tambaye ta."

Sista ta tambaya. Tsohuwar ta washe baki ta nuna karen.

Bai gama haɗiye wannan ba, sai Mai Makullai ya zaro wata 'yar raga daga cikin injin busarwa don ya nuna musu yadda ake share ta. Wani abu ne ya lulluɓe ragar, toka-toka, mai laushi, gashin kare da gashin mutum da zaren kamfan wanda Allah kaɗai ya san ko waye, na mutanen benen kaf a dunƙule wuri ɗaya. Mutumin nan ya sa hannunsa tsirara ya ɓare shi, ya mulmula, ya jefa a kwando, sannan ya miƙo wa Mai Guga wannan hannun su yi sallama. Yawu ya taru wa Mai Guga a baki, ga shi babu wurin tofarwa.

Suna komawa sama ya ce, "Wallahi ko tsumman goge ƙasa na gidan nan ba zai shiga ramin can ba."

"To a ina za ka yi wankin?"

"Hannuna ya mutu ne? Ga bahon wanka."

"Ka shanya a ina?"

"Ga baranda."

"Baranda na gani," in ji Sista, "ranar ce ban gani ba."

Ya fara. Ya durƙusa gaban bahon wanka yana cuɗa yana ɗauraya, bayansa yana ciwo amma ransa fes. Ya ɗaura igiya a baranda ya jera kayan yara. Suka wuni, suka kwana, suka sake wuni, sai dai su yi sanyi su ƙame, amma ruwan yana nan a jikinsu. Ana cikin haka Mai Makullai ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya nuna igiyar, ya girgiza yatsa. Sista ta ce dokar gidan ce, ba a shanya a inda za a hango daga titi. Mai Guga ya riƙe baki. Wato ƙasar da kare yake da bargonsa na kansa, a nan ne rigar ɗan Adam ba ta da ikon shan iska. Ya ce tir, ya kwance igiyarsa.

A ɗakin yara ya ɗaura ta, daga hannun taga zuwa kan kabad, don hitar da ke ɗumama ɗakin ta fi ta ko'ina zafi. Ya rufe taga ruf saboda sanyi, kada mura ta kama Auta. Kayan suna ɗiga, hita tana hura su, gilashin taga yana gumi. Kowace safiya sai ya goge gilashin da tsumma, ya wanke tsumman, ya shanya shi a igiyar.

Da wankin kaɗan ne da sauƙi, amma garin bai bar shi ya huta ba. Duk fitar da zai yi kai Yaya makaranta sai ya ga abin da zai tayar masa da zuciya. Ga mai sumbatar kare baki da baki. Ga wanda karensa zai yi kashi a gefen hanya, ya sa leda ya kwashe da ɗuminsa ya riƙe yana tafe yana waya. Wanda ya fi ci masa rai shi ne wani mai kwat tsaf-tsaf a cikin bas, wanda ya fyace hanci a hankici, ya duba abin da ya fito, ya ninke, ya mayar aljihu kamar ya sami abin arziki. A kan kujerun da irin waɗannan mutane suka zauna 'ya'yansa suke zama! Don haka da sun dawo, a bakin ƙofa yake tuɓe su, komai ya tafi baho. Rigar da aka sa da safe ba ta ganin yamma.

Sista tana fita da sassafe ta dawo ƙafa a kumbure, da ƙyar take iya cin abinci. Duk da haka in ta shiga duba yaran takan tsaya ta ja hanci.

"Ɗakin nan ya yi nauyi. Ka riƙa buɗe taga, ka kuma kai kayan nan ƙasa a busar da su, don Allah."

"To," in ji shi.

Tagar takan zauna a buɗe har Sista ta sa ƙafa a waje. Kayan kuwa, sai ya koyi sauke su kafin ta dawo, ya bi su da dutsen guga na lantarki da danshinsu, tururi yana tashi ya cika ɗakin, ya ninke su ya jera a kabad, ya naɗe igiyar. In ta shigo sai ta tarar da ɗaki tsaf. Shi a wurinsa ba ɓoyo yake yi ba, gudun surutu ne kawai.

Auta ya fara tari. Da farko ɗan kaɗan, daga baya ya zama irin wanda ke tashin yaro daga barci ya bar shi yana haki. Sista ta ba shi magani, ya lafa, ya dawo. Mai Guga kuwa tuni ya san mai laifi. Akwai ranar da suka haɗu da tsohuwar nan a cikin lif, na'urar hawa bene, karenta ya miƙo harshe ya lashi hannun Auta, yaron yana dariya. Ranar sai da ya wanke hannun nan har yaron ya yi kuka. Tun daga nan ya daina shiga lif, yana saɓa Auta a kafaɗa ya hau matakala har sama, yana hawa yana tsine wa kare da mai kare.

Wata rana Yaya ta fito daga makaranta ido jajir. Sai da suka yi nisa ta ce, "Baba, ba wanda yake son rataye rigar sanyinsa kusa da tawa."

"Saboda me?"

"Wai wari nake."

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya. "Su waye suka ce? Su? Masu kwana gado ɗaya da kare? 'Yar Mai Guga ce take wari?"

Ya cire mata rigar a nan cikin sanyi ya kai hanci, ya shaƙa ta wuya, ya shaƙa ta hammata. Bai ji komai ba. To dama gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma hancin da ya wuni ya kwana a ɗaki ɗaya da abu ya daina kawo rahoto. Ruwa ba ya tsami banza, amma Mai Guga bai tsaya neman dalili ba, zuciya ce ta ɗebe shi. Ya sayo sabulu mai ƙamshi, ya koma wanke kayan Yaya sau biyu, ya ƙara igiya ta biyu a ƙarƙashin ta farko, daidai saman gadon Auta.

Tsohuwar ma ta yi nata ƙoƙarin. Ta tare su a ƙofar bene wata safiya Auta yana tari, ta ja hannun rigar Mai Guga, ta nuna masa sama. Duk tagogin benen garau suke, tasu ce kaɗai ta yi fari fat da raɓa. Ta yi masa alamar buɗewa da hannu biyu, tana ta zuba magana. Ya fizge hannun rigarsa, ya kalli inda ta taɓa, ya san yau ma akwai ƙarin wanki. Har wani daɗi ya ji da ya ga tagar, ya ce ko ba komai 'ya'yansa sun fi na kowa samun ɗumi.

Da azahar abin ya faru. Auta ya farka daga barcin rana bai yi kuka ba, don babu numfashin yin kukan. Ƙirjinsa yana shiga yana fita, haƙarƙarinsa duk a waje, wani siririn sauti yana fita kamar ana busa usur, leɓɓansa sun canza launi. Mai Guga ya sungume shi, ya kira Sista a waya. Motar asibiti ta zo. Tsoron da ya ji a cikin motar nan bai taɓa jin irinsa ba tunda aka haife shi.

Aka sa wa yaron robar iska a fuska, aka yi ta fama har ƙirjin ya ɗan sassauta. Sista ta baro ɗakin tiyata da kayan aikinta a jiki, wata abokiyar aikinta ta ɗauko Yaya daga makaranta. Likita ya zauna yana tambaya, Sista tana fassarawa.

"Ya ce akwai dabba a gidan?"

Mai Guga ya yi zumbur. "Yauwa! Gaya masa karen! Gaya masa har lasar yaron ya yi!"

Ta gaya masa. Likitan ya tambaya ko a ɗakinsu karen yake kwana, aka ce a'a, ya kaɗa kai ya wuce. Akwai mai shan taba? Babu. Sai ya yi wata tambayar, wadda Sista ba ta fassara nan take ba. Ta juyo ta zuba wa mijinta ido.

"Ya ce ko muna shanya jiƙaƙƙun kaya a ɗakin da yaron yake kwana."

Mai Guga ya kawar da kai.

"Baban Yaya, in ba na nan me ake yi a ɗakin yaran nan?"

Yaya ce ta amsa daga kan kujera, ba da wata manufa ba. "Igiya biyu ce, Mama. Har ruwa yana ɗigo wa Auta a gado."

Sista ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Je ka gida ka janye gadon Auta daga jikin bango, ka ɗaga katifar. Ba zan gaya maka abin da za ka gani ba, kai ne mai ido a kan dauɗa. In ka gama ka kawo masa kayan sawa busassu. Likita ya ce ba zai sallame shi ya koma ɗakin nan ba sai an gyara."

Ya daɗe a iskar asibiti, hancinsa ya huta. Yana buɗe ƙofar gidan warin ya doke shi, wani tsami mai nauyi irin na tsumman da aka manta a ƙasan bokiti, ga ƙamshin sabulu ya hau kansa ya ƙara lalata shi. Wannan ne abin da 'yarsa take ɗauka zuwa makaranta kullum. Ya ratsa ƙarƙashin igiyoyin, jiƙaƙƙun riguna suna shafar fuskarsa, ya kama gadon ya ja.

Bangon baƙi ƙirin yake. Fumfuna ce ta cinye shi tun daga ƙasa har daidai inda kan yaron yake kwanciya, baƙa da kore, mai gashi-gashi, tana naso. Ya ɗaga katifar. Ta sama farin zanin gado ne mai karin guga wanda shi da kansa ya shimfiɗa da safe. Ta ƙasa kuwa ta ruɓe, har tana manne wa katakon. A kan wannan Auta yake kifa fuska yana shaƙa kowane dare.

Da gudu ya kai banɗaki, ya yi amai a cikin bahon da yake wanki. Duk ƙazantar da ya gani a garin nan, ta bas da ta titi da ta ƙarƙashin bene, babu wadda ta kama ƙafar wannan, kuma wannan ba kare ne ya kawo ta ba. Shi ya ɗauko igiyar tun daga gida, shi ya ɗaura, shi ya rufe taga. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ƙyamar mutane, ranar nan kansa ya ji yana ƙyama, har ba ya son hannunsa ya taɓa fuskarsa.

Ya buɗe tagogi duka, sanyi ya shigo. Ya kwance igiyoyin. Ya ja katifar zuwa wurin zuba shara. Sannan ya buɗe kabad neman kayan da zai kai wa Auta, ya shinshina ɗaya bayan ɗaya, duk ninkakku, duk gogaggu, babu ko ɗaya da ba ta wari. Ya tsaya da tarin kayan a hannu. Rana dai babu ita, kuma ba za ta fito don shi ba. Ya zuba su a kwando ya nufi ƙasa.

Kamar da gayya, tsohuwar tana can, karen yana can, bargon ma yana can yana juyawa a injin busarwa. Ta dubi kwandon, ta dubi fuskarsa, ta yi alamar jijjiga jariri tana tambaya da ido. Ya nuna ƙirjinsa. Ta gyaɗa kai. Ta buɗe masa injin wanki, ta nuna masa inda ake zuba sabulu da abin da ake dannawa. Ya zauna a benci yana kallon kayan ɗansa suna juyawa a ramin da ya rantse ba za su shiga ba, karen ya zo ya kwanta kusa da takalminsa. Tsigar jikinsa ta tashi, amma bai janye ƙafar ba.

Da wankin ya ƙare, sauran injinan busarwa duk da kayan mutane a ciki, sai wanda bargon ya fito. Tsohuwar ta zaro ragar za ta share masa. Ya karɓa daga hannunta. Abin nan toka-toka yana nan, da farin gashi a jikinsa, da ɗumi. Ya sa yatsunsa ya ɓare shi, ya jefa a kwando. Kada wani ya ce maka ƙyanƙyamin ya tafi, yana nan daram. Haɗiye shi kawai ya yi.

Kayan suka fito da zafi kamar an kwaso su daga igiya da tsakar rana. Ya kai hanci. Babu ƙamshin rana, wannan kam ya bar shi a gida, amma babu wari.

A asibiti ya tarar an cire wa Auta robar, yana zaune a cinyar uwarsa. Mai Guga ya zaro 'yar singileti daga jaka ya warware ta, sai ga farin gashi guda ɗaya, dogo, kwance a wuyanta. Sista ma ta gani. Ta tsaya tana kallonsa. Ya sa yatsa biyu ya tsince gashin, ya waiga babu kwandon shara kusa, sai ya tura shi a aljihunsa. Ya zura wa yaron rigar, ya gyara masa wuya, sannan ya durƙusa ya ɗora kunnensa a ƙirjin Auta, a kan rigar, ya daɗe bai ɗago ba.